Motsi Mai Santsi a Shafukan Intanet: Nazarin Taskar Anime.js da Amfaninta ga Koyar da Hausa

1.0 Gabatarwa

Yayin da ƙamusoshi da darussan Hausa ke ƙaura daga takarda zuwa allon waya, motsa rubutu ya zama wata dabarar koyarwa, musamman wajen nuna hawa da saukar karin sauti. Sai dai motsin da ke cijewa yana ɗauke hankalin ɗalibi daga darasi. Wannan maƙala ta duba musabbabin cijewar da kuma yadda ƙaramar taskar umarni ke magance ta.

2.0 Yadda Burauza ke Samar da Motsi

Motsi a allo jerin hotuna ne da ke maye gurbin juna cikin sauri. Allunan waya da yawa suna sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa guda, wato kowane hoto yana da kimanin milisakan 16.7 kacal. Cikin wannan taƙi burauza za ta auna mazaunin kowane abu a shafi, ta zana shi, sannan ta harhaɗa zanen. Idan aikin ya zarce lokacin, sai hoto ya tsallake, ido kuma ya ga cijewa.

Saboda haka zaɓin siffar da za a motsa yana da muhimmanci. Sauya faɗin abu ko nisansa daga gefen shafi yana tilasta wa burauza maimaita matakan nan uku. Siffofin transform da opacity kuwa, masu gusar da abu da dusasar da shi, galibi matakin ƙarshe kawai suke buƙata, wanda masarrafar zane ke ɗaukar nauyinsa.

3.0 Taskar Anime.js

Julian Garnier ne ya fitar da Anime.js a 2016, cikin harshen JavaScript. Tana dogara ne da umarnin requestAnimationFrame, wanda ke daidaita lissafin motsi da lokacin sabunta allo. Taskar jQuery, wadda John Resig ya fitar a 2006, ta daɗe tana amfani da agogo nata na daban, abin da kan sa lissafi ya saɓa da allo. Mai shirya darasi zai bayyana abin da za a motsa, da nisan motsin, da tsawon lokacinsa, da salon tashinsa da tsayawarsa.

Misali, kalmar kuka ta zubar da hawaye karin sama ne a gaɓoɓinta biyu, ita kuwa kuka ta itace gaɓarta ta biyu tana da karin ƙasa. Gusar da gaɓar ka ƙasa kaɗan a daidai lokacin da murya ke furta ta zai nuna wa ɗalibi bambancin da rubutun yau da kullum ke ɓoyewa.

4.0 Kammalawa

Ƙanƙantar taskar tana rage kuɗin data ga ɗalibi mai ƙaramar waya. Wajibi ne kuma a mutunta zaɓin rage motsi da wayoyi ke bayarwa, domin yawan motsi yana sa wasu mutane jiri. Ana shawartar masu shirya darussa su gwada aikinsu a kan waya mai rahusa kafin su sake shi ga ɗalibai.