Waya a Hannu Tsakanin Agoè-Zongo da Amoutivé

Tun da hukuma ta tashi tsohon Zangon Lome da ke maƙwabtaka da Amoutivé a shekarar 1977, aka mayar da mazaunansa Agoè-Zongo a arewacin birni, kasuwancin Hausawa ya ci gaba da gudana a tsakiyar gari alhali gidaje da yawa sun yi nisa, saboda haka zirga-zirgar safe da yamma ta zama wani ɓangare na rayuwar 'yan kasuwa, dillalai da ɗalibai. Wannan lokaci, wanda cunkoso kan ƙara masa tsawo, a cikin waya ake cinye shi yanzu, ko a bas ɗin SOTRAL, kamfanin sufurin birnin, ko a tasi, ko a bayan zemijan, wato babur ɗin haya. Matasa sun fi karkata ga TikTok da Facebook, amma WhatsApp ne ke ɗauke da ciniki, musamman ta saƙon murya, wanda ya sauƙaƙa wa mutumin da bai iya rubuta Faransanci ba ya tambayi farashin atamfa a kasuwar Adawlato kafin ya sauka.

Teburin mai gyaran waya a Dékon, mahadar da ta yi suna da cinikin wayoyi a gefen Amoutivé, wuri ne da sakamakon wannan ɗabi'a ke taruwa, kuma a kan abin da wannan sana'a ke nunawa aka gina bayanin nan. Fasasshen gilashi shi ne mafi yawa, kuma labarinsa kusan ɗaya ne: fasinja yana riƙe da waya da hannu guda a bayan babur, direba ya faɗa rami ko ya taka birki, waya ta bugi kwalta da kusurwa. Akwai kuma direban da ke cusa waya tsakanin kunnensa da hular kwano yana hira yana tuƙi, kuma fasinjan da ya ga haka ya yi shiru ya amince da hatsarin da kansa. Gilashi dai ana sake shi a yini ɗaya.

Asarar da ba ta gyaruwa a tebur ita ce ta asusu. Wayar ɗan kasuwa a yau tana ɗauke da kuɗinsa, ta hanyar Flooz na Moov Africa ko Mixx by Yas, wanda aka sani da T-Money kafin sauyin suna na 2024, kuma tana ɗauke da amanar abokan cinikinsa na Kano, Maraɗi da Kumasi. A tasi, inda ake zama kafaɗa da kafaɗa, wanda ya buga lambobinsa na sirri a fili ya karanta wa maƙwabcinsa su ne ba tare da ya buɗe baki ba. Idan kuma aka fizge wayar a wurin tsayawar danja tana buɗe, ɓarawon bai buƙatar wata gwaninta. Ko da a kulle take, yana iya zare layin ya sa a wata wayar, ya nemi WhatsApp ya aiko da lambobi 6 na rajista ta saƙon tes, ya karɓe asusun, sannan ya bi dangi da abokan hulɗa yana cewa, “Alhaji, na shiga matsala a hanya, a taimaka a turo mini jaka ashirin.” Mutane suna turawa domin hoton da sunan na wanda suka sani ne, kuma kunya kan hana ƙarami ya tuhumi saƙon babba.

Garkuwar da ke toshe wannan ƙofa kyauta ce, sai dai kaɗan ne cikin masu kawo gyara ake samu sun kafa ta. Ta farko ita ce PIN na layi, lambobin da waya ke nema duk lokacin da aka kunna ta ko aka sa layin a wata wayar. Ta biyu ita ce tantancewa mai mataki biyu a WhatsApp, wato ƙarin lambobi 6 da mai asusu ke zaɓa da kansa, waɗanda ba sa zuwa ta tes. Sai kuma IMEI, lambar shaidar wayar mai alƙaluma 15 da ke fitowa idan aka buga *#06#, wadda ya kamata a rubuta a takarda a ajiye a gida domin kai ƙara wurin 'yan sanda.

Gaggawar hanya tana da wani lahanin, domin saƙon da aka saurara rabi cikin ƙarar injin, aka tura wa rukunin unguwa, yana iya zama ƙarya, kuma sashe na 497 na kundin hukunta laifuffuka na Togo na 2015 ya tanadi ɗauri da tara ga mai yaɗa labarin ƙarya.

Ana kira ga shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa da limaman unguwa su riƙa tunatar da jama'a cewa waya ta zauna a aljihun gaba muddin ana kan babur, a jinkirta tura kuɗi har a sauka, kuma duk saƙon neman taimako a tabbatar da shi ta kiran mai shi a ji muryarsa. Wanda aka sace wa waya ya fara da zuwa ofishin kamfanin layinsa da katin shaida a rufe layin, kafin ya je ko'ina.