Darasi: wane takalmin birki za ka sa ma motarka?

Yau zancen mota za mu yi. Ko ba ka da mota, kana shiga ta wani ranar kasuwa. Ranka shina bisa birkinta.

Bayan kowace tayar gaba akwai wani faifan ƙarfe. Shina juyawa tare da taya. Takalmi biyu suna gefensa, ɗaya ciki, ɗaya waje. Makanikai suna ce musu plaket. In direba ya taka birki, mai shina tura su, su matse faifan, mota ta tsaya. Wurin matsewar nan zafi mai yawa ke tashi. Wanga zafi shi ne tushen darasinmu.

In ka je shagon kayan mota, za ka iske iri biyu da aka fi sani.

Na farko mai gamin ƙarfe ne. An haɗa shi da garin ƙarfe da zaren ƙarfe, aka ɗaure da wani irin ƙaro. Shina jimre zafi. Ko ya yi zafi ƙwarai, shina kamawa. Kuɗinsa bai kai na ɗayan ba. Amma shina da aibi: wani lokaci shina kuka, shina zubar da baƙar ƙura bisa taya, kuma shina cin faifan da sauri.

Na biyu shi ne seramik, dangin tangaran. Ba shi da yawan kuka. Ƙurarsa kaɗan ce, kuma ba baƙa ba ce. Ba shi cin faifai sosai. Sai dai shina da tsada, kuma ba a yi shi don kaya masu nauyi ba.

To, wanne ya fi? Aikin motarka ne zai faɗa maka.

A ce kana da Hilux ko Hiace. Ka ɗauko buhunan albasa daga Galmi, ga mutane, ga tumaki bisa. Ko kuwa kana gangaro tudun Adar, wajen Keita ko Buza. Kana taka birki kana sakewa, kana takawa kana sakewa. Faifai ya yi zafi. Sai ga garken shanu ya fito bakin hanya, ko amalanken jaki. Nan mai gamin ƙarfe kake so. Kukansa ba komi ba ne. Ƙurar kuwa, a hanyar jan ƙasa wa zai gane ta?

Amma in ƙaramar mota ce, ta malamin asibiti ko ta ɗan tasi cikin Maraɗi ko Damagaram, ba lodi, hanya shimfiɗe, seramik ya isa. Za ta tafi shiru, faifai ya daɗe.

Yanzu ka iya karatu, kada ka bari a zaɓa maka. Karɓi kwalin ka duba. In an rubuta «semi-métallique», mai gamin ƙarfe ne. In an rubuta «céramique», seramik ne. Tafi da tsohon takalmin ka gwada da sabon, don kowace mota da nata. Kwalin da ba suna, ba lamba, bar shi, ko da araha.

Sabon takalmi kaurinsa wajen milimita 10 ne. In ya koma milimita 3, a canza. Kada ka jira ƙarfe ya ci ƙarfe, don sannan har faifan za ka saye. Rairayi da ƙura suna cinye shi da wuri, saboda haka a riƙa dubawa.

A canza na dama da na hagu rana guda, kuma iri guda. In ka sa seramik a dama, mai ƙarfe a hagu, mota tana iya ja gefe in ka taka birki.

Wurin aikin, kada yaron gareji ya hura ƙurar da baki. Wasu takalman suna da wani abu da ake kira amiyanti, ƙurarsa tana ɓata huhu. A goge da jiƙaƙƙen tsumma.

In an gama, kada ka tashi nan take. Taka birki sau da yawa mota tana tsaye, har ka ji ya yi tauri. Sannan ka gwada shi sannu sannu a wurin da ba mutane, kafin ka ɗauki fasinja.