Kafin malmala ta bar madafa

'Yata, mahaifiyarki ta gaya mini kin ɗora kwamfutar hannu a kan kanta, kin kuma karɓi na'urar POS. Allah ya sanya albarka. Ni da na tsufa a sana'ar tuwo, lissafina a ka yake, kuɗina a bakin zane, don haka ba zan koya miki latse-latse ba. Amma ciniki na san shi, kuma hanyar da kuɗi ke bi ya zurare a gidan abinci ba ta sake ba tun zamaninmu.

Kin yi daidai da kika saya. Duk wanda ya ga farkon 2023 ya sani. Babban Banki ya canja takardun naira 200 da 500 da 1,000, tsofaffin suka koma banki, sababbin suka yi wuyar gani, mutum ga kuɗinsa a asusu ga yunwa tana cinsa, har sai da Kotun Ƙoli ta sa baki a watan Maris. A wancan lokacin ne mai shayi da mai ƙosai suka koyi rubuta lambar OPay ko Moniepoint a kwali su rataye, kuma har yau kwalin yana nan.

To, ga abin da nake so ki riƙe. Duk farantin da zai fita, a shigar da shi kafin ya bar madafa. Da azahar, idan mutane suka cika benci, yarinyarki za ta ce, "Bari in miƙa, na dawo in sa." Ba za ta sa ba. Ba ɓarauniya ba ce, kafin ta juyo wani ya ƙwala mata kira a ƙara masa miya. Kwamfutar kuwa abin da aka gaya mata kaɗai ta sani. Ki sa doka: mai zuba abinci ba ta ɗaga mara sai ta ga oda.

Da dare, kafin ki rufe, ki zauna da abu uku: mudun shinkafar da aka dafa, farantin da kwamfuta ta ƙirga, da kuɗin da ya shigo, na hannu da na asusu. Kin san malmala nawa mudu ɗaya yake ba ki. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. In suka ƙi haɗuwa, ki tambaya a daren, a hankali, ba a gaban jama'a ba, domin bayan kwana biyu ba wanda zai tuna. Har tuwon almajirai da na ma'aikata a shigar. Ba wai ki ƙirga wa Allah sadakarki ba, don kada gobe ki zargi yarinya kan abin da ke kika bayar.

Sai maganar alat. Ina zaune a shagon wata ƙawata wani saurayi ya sha farfesun kayan ciki kwano biyu, ya miƙo waya yana murmushi, "An tura, Hajiya." Ta ga rasit ta yi masa godiya. Kuɗin har yau bai iso ba. Gani ya kori ji, amma a na'urarki za ki gani. In sabis ya yi nauyi, ki ba mutum kujera da ruwan sanyi ku jira tare. Yawancinsu masu gaskiya ne, kada ki tozarta kowa. Kuma kada ki taɓa yarda yaron shago ya ce a tura a asusunsa.

Ke ma ki ji tsoron kanki. Kuɗin waya ba ya nauyi a hannu, sai a wayi gari anko da kati sun cinye uwar kuɗi. Asusun shago daban, naki daban, ki yanka wa kanki albashi.

Bayan wata guda ki duba abin da kwamfutar ta tara miki. Za ki ga wane abinci ne ke ƙarewa tun kafin la'asar, wane ne ke kwana a tukunya, sai ki rage cefanensa. Ki ajiye ɗan canji saboda ɗan dako da lebura, da littafi da biro saboda ranar da aka ɗauke wuta caji ya ƙare.

Ina nan tafe ranar Juma'a in Allah ya kai mu. Ki ajiye mini miyar taushe, kuma ki gaya wa yaranki ni da tsabar kuɗi zan biya.