Inda Baƙo Zai Kwana a Babban Birni

Daga watan Janairu zuwa Afrilu, duk wanda ya biyo hanyar Zariya daga Kano ya wuce Kura zai tarar Kwanar Gafan ta cika maƙil. Kwandunan tumatir jere a bakin titi, 'yan dako na lodi, direbobi na jiran a ɗaure kaya. Ruwan da ya raya wannan tumatir daga madatsar Tiga yake fitowa, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako. Yana biyo kanal ya shayar da gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam. Kayan kuwa ba a nan ake cinye su duka ba. Motoci da yawa Kudu suke nufa, wasu har kasuwar Mile 12 da ke Legas, tafiyar kimanin kilomita 1,000.

Inda kaya suka je, mai kaya ko wakilinsa yakan bi. Wani kuma shinkafar Kura ce ta kai shi Abuja, wani neman kayan gyaran injin ban ruwa, wani jinya. Manomin da ke irin wannan tafiya ya san farashin taki, ya san na kwando da kuɗin mota, ya yi lissafinsu tun a gida. Abin da yakan bari sai ya sauka a tasha shi ne tunanin inda zai kwana. A nan ne gajiya da duhun dare suke yi masa zaɓi, kuma sau da yawa zaɓin ba ya yin kyau.

Bahaushe ya daɗe da tsarin saukar baƙi. A zamanin fatake, ayari yakan yada zango a Fagge, bakin ganuwar Kano, fatoma ya karɓi baƙo ya ba shi ɗaki da abinci, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da mai saye, sannan ya ɗauki la'adarsa. Haka aka yi a Sabo ta Ibadan, unguwar Hausawa da aka kafa a 1916, inda masu gida suka riƙa saukar 'yan kasuwar shanu da na goro. Tsarin bai mutu ba. Har gobe a Mile 12 da Agege, dillali yakan nema wa mai kayansa wurin da zai shimfiɗa tabarma, a rumfa ko a ɗakin 'yan'uwa. Kuɗinsa kaɗan ne, kuma akwai wanda ya san da zuwan mutum. Sai dai bai dace da kowa ba. Mai tafe da iyali, da marar lafiya, da dattijon da ba zai iya layin banɗaki ba, duk suna bukatar ɗaki mai ƙofa. Kwana a cikin kasuwa ma yana da nasa haɗarin: rikici ya sa an rufe Mile 12 a watan Maris na 2016, kuma an ƙona rumfuna da gidaje a kasuwar Shasha ta Ibadan a Fabrairun 2021.

Saboda haka ko otal mutum zai kama, gara ya fara da tambayar nasa. Kiran waya ɗaya ya isa tun yana gida: "Alhaji, jibi ina tafe in Allah ya yarda. Wane masauki ne kusa da ku wanda mutanenmu suke sauka?" Amsar dillalin da ya shekara a wurin ta fi ta mai tasi ko mai keken da aka haɗu da shi a bakin tasha. Wasu direbobin suna da kamasho a kan duk baƙon da suka kai, don haka inda za a sallame su za su nufa. Amsar dillalin ta kuma fi hoton da ake gani a waya, domin hoto ba ya nuna wari ko ƙarar janareto. Tura kuɗin ɗaki tun kafin a ga ɗakin, zuwa asusun wanda ba a sani ba, hanya ce da 'yan damfara suka daɗe suna cin mutane da ita.

Abu na farko da ake dubawa shi ne kusanci da abin da ya kawo mutum. Legas gari ne da cunkoson motoci zai iya cinye wa baƙo awa biyu a tafiyar da ba ta kai daga Kura zuwa Kano ba. Da sassafe ake sauke tumatir, kuma tumatir ba ya jira. Mai kayan da ya kama ɗaki mai araha a can wani ɓangaren gari zai iso ya tarar an gama ciniki babu idonsa. Unguwannin Ketu da Ojota suna kan hanyar Ikorodu ɗaya da kasuwar Mile 12, kuma motocin BRT suna bin hanyar tun 2008. Dogaro da ɗan acaba ba dabara ba ce, domin a 2022 gwamnatin Legas ta hana acaba a ƙananan hukumomi goma, har da Kosofe inda Mile 12 take. A Abuja ma haka lissafin yake. Ɗakunan Mararaba da Nyanya da Zuba sun fi na tsakiyar birni sauƙi, amma wanda aka ce ya zo ofis a Garki da ƙarfe takwas zai sha cunkoson safe. Sai ya haɗa kuɗin ɗaki da na mota, zuwa da dawowa, kafin ya ce wane ne mai arahar.

Kano kuwa kusa take, mutumin Bunkure yakan je ya dawo a yini. Wanda yakan nemi masauki shi ne mai jinya a Asibitin Malam Aminu Kano da ke hanyar Zariya, ko na Murtala a Ƙofar Mata, ko na ƙashi a Dala. Shi kam ɗakin da zai iya takawa da ƙafa cikin dare ya fi masa komai.

A bakin kantar otal ne amfanin karatu yake fitowa fili. Otal da yawa suna da takardar farashi, kuma baƙo yana da damar ya ce a nuna masa. Ya tambaya: "Malam, wannan kuɗin har da haraji, ko akwai ƙari?" Tun Fabrairun 2020 harajin VAT a Najeriya kashi 7.5 cikin ɗari ne. Jihar Legas tana da nata harajin otal na kashi 5, manyan otal kuma sukan ɗora kashi 10 na hidima. A ɗauki misali da ɗakin naira 20,000. VAT ɗinsa 1,500, na jiha 1,000, na hidima 2,000, jimla 24,500. Wanda bai tambaya ba sai da safe zai ji wannan labari.

Akwai kuma maganar lokaci. A yawancin otal kwana yana ƙarewa ne da ƙarfe 12 na rana, ko da asuba mutum ya shigo. Wanda ya wuce lokacin ana iya cajinsa rabin kwana ko cikakke. Idan mota za ta iso da tsakar dare, a yi wannan magana tun kafin a biya. In an biya, a karɓi rasit mai ɗauke da sunan otal, da kwanan wata, da lambar ɗaki, da adadin kuɗi. Za a ba baƙo takarda ya rubuta sunansa da lambar wayarsa da inda ya fito, wani wurin a nemi katin shaida irin na NIN. Ya nuna, ya karɓi abinsa. Kada ya sa hannu a takardar da ba a cike ba. Idan da Turanci aka rubuta kuma bai gane ba, ya ce a karanta masa, babu abin kunya a ciki.

Amma duk wannan bayan an ga ɗaki ne. Minti biyar sun isa. A ɗaga zanin gado a duba ɗinkin gefen katifa: ƙananan ɗigo baƙaƙe, ko jirwayen jini a zani, alamar kuɗin cizo ce, kuma sukan shiga jaka su biyo mutum har gida. A murɗa famfo a ga ko ruwa na zuwa, in babu a ga bokiti cike. A rufe ƙofa a gwada sakata ta ciki, domin makulli kaɗai ba ya hana mai wani makullin shigowa. A kunna fanka, a sa cajar waya a soket. Wanda ya baro sanyin hunturu a Kano zai tarar da zafi mai gumi da sauro a Legas, don haka ya duba ragar taga. Ya tambayi ƙarfe nawa ake tayar da janareto da lokacin da ake kashe shi, sannan ya leƙa ya ga inda aka ajiye injin. Wannan ba ƙaramar magana ba ce. Hayaƙin janareto yana ɗauke da iska mai guba wadda ba ta da wari, tana kashe mutane cikin barci, kuma ɗakin da tagarsa ke kallon bututun hayaƙi bai cancanci a kwana cikinsa ba ko kyauta ne. A kan hanyar saukowa ya lura da matakala: guda nawa ce, kuma ƙofar baya a buɗe take ko an garƙame ta da kwado? Tagogin birni yawancinsu da ƙarfe a jikinsu, in gobara ta tashi ƙofa ce kaɗai mafita.

Halin gidan ma ana gane shi tun daga ƙofa. Inda mashaya ta cika harabar, kiɗa na tashi, ana ba da ɗaki na awa ɗaya ko biyu, ba wurin mai neman barci ba ne, balle mai tafe da iyali. Irin waɗannan wurare ne samamen jami'an tsaro yakan rutsa da wanda bai ji ba bai gani ba. Masaukin da ke kusa da masallaci da masu abincin Hausa yana rage wa baƙo yawon dare. A otal ɗin Kudu da wuya a sami buta ko darduma a ɗaki, shi ya sa waɗanda suka saba tafiyar suke saka nasu a jaka, su tambayi alƙibla a wurin mai gadi, wanda sau da yawa ɗan Arewa ne.

Saura kuɗin ciniki. Gumin wata uku ne ko huɗu, tun daga rainon iri har tsinka, bai kamata ya kwana ƙarƙashin matashi ba. Ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya koya wa manoma da yawa tura kuɗi ta waya, kuma wannan ilimi yana da rana a nan. A sa kuɗin a asusu tun a kasuwa, a duba saƙon banki da ido kafin a saki kaya, a riƙe na mota da na abinci kawai. Lissafi da dillali a rumfarsa ake yi, ba a gaban ma'aikatan otal ba. Wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa da dare, a ji sunansa tukuna, in an yi shakka a kira kanta a tambaya.

Kafin ya kwanta, baƙo ya kira gida ya faɗi sunan otal da unguwa da lambar ɗaki, ya faɗa wa dillalinsa ma. Lambar neman agajin gaggawa a Najeriya ita ce 112, a Legas akwai kuma 767, duka kyauta ake kiransu. Da safe ya duba ƙarƙashin gado da bayan ƙofar banɗaki, ya cire cajarsa, ya miƙa makulli hannu da hannu, in ya ba da kuɗin ajiya ya nuna rasit a mayar masa.