Gatan Da Ke Kwantar Da Tsoho

Ni likitan fisiyo ne, ɓangaren da mutanenmu suka fi sani da sashen gashi. A shekarun da na yi ina wannan aiki, babu maganar da ta fi yawan shiga kunnena kamar "Likita, ai tsufa ne." 'Ya'ya ne ke faɗar ta, cikin ladabi da sallamawa, kuma da zarar an faɗe ta magana ta ƙare: a mai da tsoho gida, a shimfiɗa masa katifa, a jira hukuncin Allah. Tsufa gaskiya ne, kuma ba shi da magani. Amma da yawa daga raunin da muke ɗora wa tsufa, zama ne ya haife shi, shi kuwa wannan yana da magani.

An taɓa turo mini wata Hajiya a keken marasa lafiya, shekarunta sun doshi tamanin. Limoniya ce ta kwantar da ita a asibiti kusan mako biyu. Ta warke, an sallame ta, amma wata biyu ke nan ba ta taka ƙasa da ƙafarta ba. Kafin ciwon, ita ke share ɗakinta, ita ke tsince wake, ba a suna ko rasuwa a layinsu ba ta leƙa ba. Na duba ta tsaf: ba shanyewar ɓarin jiki, ba karaya, likitan zuciya ma ya ce shi bai ga matsala ba. Sai dai cinyoyinta sun zube, in ka kama sai fata.

Na ce, "Hajiya, ko za ki ɗan miƙe mu gani?" Kafin ta motsa, hannuwa huɗu sun riga sun shige hammatarta. Na ce su sake ta. Babban ɗanta ya dube ni kamar na yi saɓo. "Haba likita, mu da muke neman albarka? Ta gama wahala a kanmu, yanzu lokacin hutunta ne." Da na bi diddigi sai na ji yadda hutun yake: buta har gado, abinci har gado, fo a ƙarƙashin gado, jikoki biyu suna karɓa-karɓa don kada ta ɗaga ko kofi. Babu wanda ya yi nufin cutar da ita. Gata ne ya yi mata yawa.

Ita tsoka aiki ke riƙe ta. Tun daga wajen shekara 30 take fara raguwa a hankali, kamar kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari a duk shekara goma, bayan 60 kuma abin ya ƙara sauri. Kwanciya ce ke ingiza shi. A 2007 masu bincike a Amurka sun kwantar da wasu dattawa lafiyayyu a gado kwana goma a jere. Da aka auna, a matsakaici sun rasa kusan kilo guda na tsoka a ƙafafu kaɗai, ƙarfin cinyarsu kuma ya ragu da wajen kashi 15 cikin ɗari. Lafiyayyu ke nan fa. To ina ga tsohuwar da ta sha zazzaɓi, ba ta cin abinci, ta yi mako biyu a gadon asibiti, ta ɗora da wata biyu a gadon gida?

Daga nan sai tsoro ya shigo. Ta yunƙura sau ɗaya ƙafa ta yi rawa, ko ta zame a banɗaki, sai ita da 'ya'yanta su yanke shawarar kada ta ƙara gwadawa. Zaman ya ƙara mata rauni, raunin ya ƙara mata tsoro. Ƙarfin gwiwa ya tafi ta fuska biyu, na ƙafa da na zuciya. Tsoron ba na banza ba ne: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum ɗaya cikin uku na waɗanda suka kai 65 yana faɗuwa aƙalla sau ɗaya a shekara. Sai dai ƙafar da aka hana aiki ta fi kowace saurin kayar da mai ita.

Akwai alamomi biyar da Dakta Linda Fried da abokan aikinta suka tsara a 2001, waɗanda har yau ake gane tsoho mai rauni da su: rama ba da niyya ba, kamar kilo huɗu da rabi a shekara, yawan gajiya, raunin damƙar hannu, tafiya a hankali fiye da da, da ƙarancin motsi. Wanda ya haɗa uku ya shiga sahu. A gida ba sai an yi awo ba. Zane ya fara yi wa Inna yawa, Baba ya daina iya buɗe murfin gora, masallacin ƙofar gida ya koma masa nesa.

Ɗan Hajiya ya kawo mini karin maganar nan, wai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Na ce masa tsoka ba icce ba ce, na ba shi labarin wani gidan kula da tsofaffi a birnin Boston na Amurka. A 1990 Dakta Maria Fiatarone ta wallafa sakamakon aikin da ta yi da mutum goma a can, masu shekara 86 zuwa 96, dukkansu raunana. Ta sa su ɗaga nauyi da ƙafa sau uku a mako har mako takwas. Tara da suka kammala, ƙarfin cinyarsu ya ƙaru da kashi 174 cikin ɗari a matsakaici, wato ya kusa ninka uku. A 1994 ta maimaita da mutum ɗari, matsakaicin shekarunsu 87, na mako goma. Masu atisaye ƙarfinsu ya ninka biyu. Waɗanda aka ba abin sha mai gina jiki kawai, ba atisaye, ƙarfinsu bai ƙaru ba. Nakan tuna da wannan duk sanda aka roƙe ni in rubuta maganin ƙarin ƙarfi, ko in sa baki a ƙara wa tsoho ruwa. Ledar ruwa ba ta gina cinya.

Da kujera muka fara da Hajiya. Kujerar katako mai hannu, an jingina ta da bango, an ɗora matashi biyu don ta ƙara tsawo. Ta matso bakin kujerar, ta ja ƙafafu baya har su shiga ƙarƙashin gwiwa, ta sunkuyo gaba, ta dafa, ta miƙe. Sannan ta koma zaune sannu a hankali, ba ta faɗa jagwab ba, domin a saukowar ma tsoka na aiki. Ranar farko sau uku ta yi, tana haki, tana cewa, "Ɗan nan, kashe ni za ka yi?" Jikarta ta samo littafin makaranta tana rubuta adadin kullum. Da ta kai goma ba wahala, muka cire matashi ɗaya. Bayan nan na biyun. Bayan nan ta daina dafawa da hannu biyu. Nan sirrin yake: abin da ya zama mai sauƙi ya gama amfaninsa, sai a ƙara masa nauyi kaɗan.

Tela ya ɗinka mana 'yar jaka mai igiya, muka zuba yashi rabin kilo, ana ɗaura mata a idon sawu tana miƙe gwiwa daga zaune. Tana riƙe ƙarfen taga ta ɗage dunduniya ta sauke. Tana bin bango da tafiyar gefe, ta je ta dawo. Da safe kafin rana ta yi zafi, da bayan la'asar, tana takawa daga ƙofar ɗaki zuwa zaure. Kwana uku a mako na nauyi, sauran ranakun tafiya kawai, don tsoka ta samu ta murmure.

Wannan bai yi nisa da shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 2020 ga masu shekara 65 zuwa sama ba: motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako, atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu, da na daidaita tsayuwa aƙalla kwana uku. Wanda ba zai iya kaiwa nan ba ya yi iya ƙarfinsa. Minti biyar sau uku a yini ma mafari ne.

Sai dai kada a ɗauki wannan rubutu a je a tasa tsoho a gaba. Mai ciwon zuciya, ko hawan jinin da bai daidaita ba, ko ciwon suga, ko wanda ya karye ko aka yi wa tiyata kwanan nan, likita ya fara ganin sa. In ana cikin yi aka ji ciwon ƙirji, ko jiri, ko numfashi ya gagara har ba a iya magana, a tsaya nan take a nemi asibiti. Tsamin jiki na kwana ɗaya ko biyu ba komai ba ne. Ciwo mai suka a cikin gaɓa, ko kumburi, shi ne abin dubawa. A lura da ciki ma. Tsohon da haƙoransa suka zube yakan ƙare a koko da kunu, alhali tsoka na buƙatar wake, ƙwai, kifi, nono, awara ko naman da ya dahu luguf. Mai ciwon ƙoda dai ya tambayi likitansa gwargwado. A ɗauke tabarmar da bakinta ya naɗe daga hanya, a canza silifas ɗin da ya suɗe, a ajiye tocila kusa da gado.

A mako na shida Hajiya ta fara zuwa banɗaki da sanda. Ba ta koma yadda take kafin ciwon ba, sandar kuma ta zama abokiyar tafiya. Amma wata ranar asibiti ɗanta ya riga ta shigowa, ya ce mini jiya ta yi alwala da kanta, ta kabbara sallar magariba a tsaye, ta yi raka'ar farko kafin ta zauna. Na tambaye shi shi yana ina a lokacin. Ya ce yana tsaye a bayanta, hannuwansa a buɗe, bai taɓa ta ba. Ya ce bai taɓa yi mata hidimar da ta yi masa wuya kamar wannan ba.