Yadda Ake Karanta Littafi Na Biyu: Darasi Daga Scarlet

Mu da muka saba da littattafan Hausa na kasuwar Kano mun san jan ran nan: labari ya ɗauki zafi, sai marubuciya ta ce mu haɗu a littafi na biyu. To, Turawa ma haka suke yi. Marissa Meyer, marubuciyar Amurka, ta fitar da Cinder a 2012, sai Scarlet a 2013, Cress a 2014, da Winter a 2015. Kowane ɗaya tsohuwar tatsuniyar Turai ce aka sake wa riga. Na biyun na karanta a hutun da ya wuce, kuma a kansa zan yi magana.

A littafin farko, tatsuniyar Sindarela ce aka kai wani zamani mai zuwa. Cinder bakanikiya ce a kasuwar Sabuwar Beijin, hannunta ɗaya da ƙafarta ɗaya na ƙarfe ne. A wajen biki ba takalmi ta yar ba, ƙafar ce sukutum ta cire. 'Yan sashen injiniya, wannan taku ce! An rufe littafin tana kurkuku, Sarauniya Levana mai mulkin duniyar wata tana neman ranta.

Darasi na farko shi ne haƙuri da baƙuwar fuska. Ka buɗe Scarlet kana ɗokin jin labarin Cinder, sai ka tsinci kanka a wata gona a Faransa, tare da budurwar da kakarta ta ɓata. Kada ka tsallake babi. Labarin biyu tafiya suke kafaɗa da kafaɗa, kuma ɓatan tsohuwar na da alaƙa da asalin Cinder. Wanda ya tsallake, in sun haɗu a ƙarshe sai ya rasa dalili.

Na biyu, nemi tatsuniyar asali kafin ka fara. Scarlet ta samo tushe daga labarin yarinya mai jar hula da kerkeci, wanda Charles Perrault ya buga a Faransa a 1697, 'yan'uwan Grimm suka buga nasu a Jamus a 1812. A na Perrault kerkeci ya cinye yarinyar, shi ke nan. A na Grimm maharbi ya zo ya cece ta. Meyer ba ta bi ko ɗaya ba: Scarlet da kanta take riƙe bindiga, da kanta take tuƙa jirgi, ba ta jiran maharbi.

Na uku, wanda ya fi muhimmanci: sanin tatsuniyar da ka yi, da shi ake kama ka. Da ɗan damben nan mai laƙabin Wolf, wato kerkeci, ya ce zai raka ta neman kakarta, tuni zuciyarka ta yanke masa hukunci. Marubuciyar ta san haka, sai ta yi ta wasa da zarginka: yau ka yarda da shi, gobe ka ce ai dama na faɗa. Shi ya sa nake raba takarda gida uku: abin da aka riƙe, abin da aka sauya, da dalilin sauyin. Gida na ukun nan ne karatun yake.

Wannan dabara fa ba baƙuwa ba ce a wajenmu. Abubakar Imam, a Magana Jari Ce, mai littafi uku, wanda na farkonsa ya fito a 1937, ya aro labarai daga Dare Dubu Da Ɗaya da tatsuniyoyin Grimm, ya mayar da su ƙasar Hausa har ba ka gane baƙi ne.

Me ya shafe mu, mu da ke fama da furojet? Bambancin kwafe da sarrafawa ke nan. Mai kwafe sauya sunaye kawai yake yi. Mai sarrafawa yana iya faɗin abin da ya ara, abin da ya ƙara, da dalilinsa. Ranar kare furojet, tambayar da malamai za su yi mana ke nan. Gara mu fara koyon amsarta tun daga littafin da muke karantawa don nishaɗi.