Eriya Ɗaya Don Dukan Mitoci: Amfaninta Da Iyakarta

'Yan'uwana ɗalibai, duk wanda ya taɓa murɗa akwatin rediyo a gajeren zango ya ga lambobi jere a fuskarsa: mita 16, 19, 25, 31, 41 da 49. A kan irin waɗannan mitoci ne iyayenmu a Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura suka saba neman Sashen Hausa na BBC, wanda aka buɗe a 1957, da na Muryar Amurka, wanda ya zo a 1979.

To, lambobin nan ba komai ba ne illa tsawon igiyar da tashar ke aikowa. Ƙa'idar kuwa ita ce, eriya ta fi aiki idan tsawonta ya kai kusan rabin tsawon igiyar. Alal misali, mita 31 tana son waya mai tsawon mita 15, mita 16 kuwa takwas sun ishe ta. Ka ga ke nan wayar da ta dace da wannan ba ta dace da waccan ba.

Abin ya fi damun masu sha'awar rediyo, wato mutanen da ke da lasisin aika magana daga gidajensu, waɗanda lambar kiransu a Nijeriya ke farawa da 5N. Idan tsawon wayarsu bai dace ba, wani kashi na ƙarfin da suka aika sai ya komo cikin na'urar, ta yi zafi, har ta iya lalacewa. Saboda haka aka ƙera eriya mai faɗin zango, aka sa mata wani ɗan abu da ake kira razista, mai shanye ƙarfin da zai komo. Na'ura ta huta, ba sai an yi ta canza waya ba. Amma fa ƙarfin da razista ta shanye zafi ya zama, bai je ko'ina ba, kuma asarar ta fi yawa a dogayen mitoci, inda wayar ta yi gajarta.

A ganina mai saurare kawai bai yi hasarar kirki ba. Doguwar waya daga bishiyar darbejiya zuwa taga ta wadatar, ko da yake takan kwaso ƙara tare da magana. Sai dai a nisanta ta da wayar lantarki, in kuma hadari ya taso da damina, a cire ta daga jikin rediyo tun kafin a fara tsawa.